Rubutun Injiniya a Gefen Gadona

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da maigidanki da yara duk kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin rage hawa benen nan kamar yadda likita ya ce, ko da yake na san halinki, ba a gaya miki ki ji. Mu nan kowa lafiya, aiki a shago kuma sai godiya. Raina ne kawai ba daɗi, shi ya sa na ɗauki biro, don idan a waya ne ba za ki bari in kai ƙarshen zance ba.

Kin san ƙanwarki, wato matata, ta daɗe tana buga takardu a ofishin masu zanen gine-gine. To an ɗaga ta. Yanzu ita ce mai kula da babbar kwamfutar da duk zanen ofishin yake ciki. Ranar da ta dawo da labarin ko jaka ba ta ajiye ba ta kama rawa a falo, yara suna taya ta. Na yi mata murna, Allah ya sani. Ni na riƙa zama da yaran nan duk tsawon lokacin da take zuwa ajin yamma koyon kwamfuta, kuma saboda wannan kujerar ta sha duk wahalar. Don haka kada ki fara cewa baƙin ciki nake yi mata.

Abin da ya faru shi ne, manajansu ya sayo wata na'ura da ake sawa a cikin kwamfutar, tana kwafe aikin ofis gaba ɗaya ta zuba a kaset, ko da kwamfutar ta mutu ba a yi asara ba. Ba irin kaset ɗin waƙa na zamaninku ba ne. Wannan wani ɗan akwatin roba ne, faɗin tafin hannu, a rufe ruf. Aka ɗauko wani injiniya daga waje ya haɗa na'urar, ya kuma koya wa matar tawa aiki da ita. Wai sai ranar Asabar, lokacin da ba kowa a ofis, tunda dole a kashe kwamfutar. Ba kowa a ofis fa, Yaya! Na ce to ni ma ba ni da aiki ranar, zan raka ta. Ƙarya nake yi, ƙofofin mutane na bari a jingine a shago.

Na zaci wani dattijo zan tarar mai furfura. Ashe matashi ne, riga a goge kamar ba ya zama da ita, turarensa ya riga shi shigowa. Ya miƙo mini hannu, ko kanta ɗaya babu a tafinsa. Har da rusunawa yana ce mini Baba. Ni Baba! Shekara nawa na ba shi?

Ɗakin kwamfutar wani ɗan ƙuntataccen wuri ne a ƙarshen baranda, ba taga, sanyi kamar cikin firij, kujeru biyu kacal. Kin san wanda ya tsaya. Suka kashe kwamfutar, suka zare wayoyinta, suka kwantar da ita a kan tebur. Ya kwance murfin gefe, ya hure ƙura. Daga nan ya ɗauko wani maɗauri mai waya, irin na agogo, ya ɗaura mata a wuyan hannu da kansa, wai jikin mutum yana tara wuta da za ta iya ƙona kayan ciki. Na ce a raina wutar da ke jikina yanzu ta isa ta ƙona ofishin duka. Me ya hana ya miƙa mata ta ɗaura da kanta? Hannu biyu gare ta.

Ya ce ita za ta yi komai, shi kallo ne nasa. Ta ɓalle ɗan murfin gaba, ta zura na'urar cikin gurbinta a hankali har ta zauna daram, ta ɗaure ta. Ta dasa wani kati a jikin allon da ke cikin kwamfutar har ya yi ƙas, ta jona waya mai ɗaukar aiki, ta jona ta wuta. Duk wannan kansu biyu yana cikin cikin kwamfutar, ni kuma aikin da aka ba ni shi ne haska musu fitilar wayata. Da wani sukuru ya ƙi shiga daidai na ce su ba ni, ai wannan abincina ne. Ya yi mini murmushi ya ce kada in damu, ta kusa samu. Ta kuwa samu, ya yaba mata, bakinta har kunne.

Suka rufe, suka kunna, suka daɗe suna danne-danne. Ta tura kaset, na'urar ta haɗiye shi tana gurnani, wata koriyar fitila ta kama ƙiftawa. Ya sa ta goge wani zane da gangan, sannan ta dawo da shi daga kaset ɗin. Da zanen ya bayyana a allo sai ta yi tafi kamar yarinya, kuma shi ta juya ta kalla, ba ni ba. Ni da na yi mata gado da kabad da teburin madubi da hannuna, ban taɓa samun tafi ba.

Ki gaya mini gaskiya, Yaya, ni ne ba ni da hankali ko kuwa? Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki,
Kafinta


Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Na ga amsarki, na kuma gode da zagi. Kin ce tun ina yaro haka nake, ko ƙwallona wani ya taɓa sai na yi kwana biyu ina kumburi. Na ji. Amma ki saurari ragowar kafin ki yanke hukunci.

Mutumin nan yanzu a ɗakina yake kwana. Kada ki zabura, rubutunsa nake nufi. Ashe dokar aikin ita ce ba a barin kaset-kaset ɗin wuri ɗaya da kwamfuta, don ko gobara ko ɓarayi kada su haɗa su tafi da duka. Manaja ya ce ƙanwarki ta riƙa ajiye su a gida, ita ce amintacciyarsa. Kowace ranar aiki da kaset ɗinta. Da safe ta ɗauki na ranar, kafin a tashi ta tura shi a na'ura, ta ciro na jiya ta dawo da shi. Akwai kuma wani guda da ta fi ji da shi fiye da gwal ɗinta. Kwamfutar ce ta cika, aka kwashe tsofaffin zanen gine-ginen da ofishin ya yi shekara da shekaru aka zuba a cikinsa, aka goge su daga kwamfutar. Wai za a yi masa na biyu idan sababbin kaset da aka yi oda sun iso, amma kafin nan shi kaɗai ne a duniya.

To kowanne da 'yar takarda a manne a gefensa, kuma Injiniya ne ya rubuta su. Litinin, Talata, Laraba, da wani irin rubutu mai lanƙwasa kamar na katin gayyata. Ta jera su a kan durowar gefen gado, wai nan ne ba zafi ba laima, yara kuma ba sa kaiwa. Ina buɗe ido da safe abin da nake fara gani ke nan. Durowar nan ni na yi ta, da katakon da na ɓoye wa kaina na hana masu saye.

Ga shi ba a gama cin abinci a gidan nan ba a ambace shi ba. Injiniya ya ce kada a ajiye kaset kusa da sifika. Injiniya ya ce idan fitila ruwan goro ta kama, a sa kaset ɗin wanke na'ura. Injiniya ya ce kwafin da ba a gwada dawo da shi ba ba kwafi ba ne. Har ƙaramarmu ta koya, jiya na ce ta je ta wanke hannu ta ce Injiniya ne ya ce? Uwar ta yi dariya har da hawaye. Ni ban ga abin dariya ba.

Shekaranjiya ta zauna kusa da ni da kaset a hannu, wai za ta nuna mini yadda suke, ta fara lacca kan wani ɗan jan maɓalli da ke gefe. Da na ji ta ce kamar yadda Injiniya ya nuna mata, sai na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo. Ta tashi ta bar ni. Na san ban kyauta ba, amma na gaji da jin zancensa.

Ban ce ta yi wani abu ba, Yaya, Allah ya tsare bakina. Idan ya kira ta a gabana take amsawa, zancen duk na na'ura ne. Amma muryarta takan canza, ta yi wani karsashi da na daɗe ban ji ba. Sannan yanzu sai ta ga kaset ya fara juyawa take barin ofis, sai rana ta faɗi take shigowa. Kishi nake yi, na faɗa, kuma yana cina. Ina aske katako ina tunaninsa, jiya saura kaɗan zarto ya tafi da yatsana.

Amma na samo dabara, ba faɗa ba tashin hankali. Zan nuna mata mijinta ma ya iya wani abu. A gaida mutanen gida.

Ƙaninki,
Kafinta


Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Yau da daɗin rai nake rubuto miki.

Na yi wa kaset-kaset ɗin akwati. Ba don ni na yi ba, amma ko a kanti ba za ki samu irinsa ba. Katako mai duhu, kowane kaset da gurbinsa, ciki na shimfiɗa ƙyalle mai laushi, murfi da ɗan kwaɗo. Sati guda ina yinsa a ɓoye, na sha samfefa har yatsuna suka yi santsi.

Ranar Asabar da rana ta kai yara gidan ƙanwarta, sai na kwaso su na baje a kan teburin falo. Na Juma'a ne kawai ya tsira, yana can cikin na'ura. Na ɓare takardun Injiniya duka, na murƙushe su, kuma wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na goge sauran gam ɗin tas. Ina cikin gogewa na lura ɗan jan maɓallin guda ɗaya ya goce gefe, bai yi daidai da na 'yan'uwansa ba. Kin san ni da abin da ya karkace, idona ba ya jurewa. Na tura shi da babban yatsa ya koma layi.

Ga inda aka ɗan samu tangarɗa. Da farko a jere na ajiye su yadda na same su. Amma mu a sana'armu ba ka cewa gurbi ya yi sai ka gwada kowane abu a kowane gurbi, ka ji ya shiga ya fita ba tirjiya. Hannuna ya saba, ban ma yi tunani ba. Na sa wannan nan, na cire, na mayar can, na ɗan goge inda ya matse, na sake gwadawa. Da na ɗauko sababbin takardun da na rubuta da hannuna zan manna, sai na ga baƙaƙen akwatuna iri ɗaya sak suna kallona. Na zauna na tuna iya tunawata, na manna. Ina da yaƙinin na dace, ni da nake riƙe awon ɗaki guda a kaina ba tare da na rubuta ba.

Da ta dawo ta ga akwatin, ta yi ta shafa shi tana cewa ma sha Allah. Amma tana buɗewa ta ga rubutuna sai fuskarta ta canza. Ta tambaye ni ko ɗaya bayan ɗaya na yi, wato in ɓare, in rubuta, in manna, kafin in taɓa na gaba. Na ce mata ƙwarai, ta ɗauke ni sakarai ne? Ta ciro wanda na rubuta wa Tsofaffin Zane, ta ce ya aka yi makullinsa yake a buɗe. Ashe jan maɓallin nan shi ke hana na'ura yin rubutu a kan kaset. Na ce wataƙila yatsana ne ya taɓa. Ta mayar ta kulle.

Sai ta ce duk da haka ranar Litinin za ta tafi da su duka ta kira Injiniya su duba a na'ura, don hankalinta ya kwanta. Nan fa na hau. Na ce ashe maganar mijinta ba ta isa ba sai wani ya sa mata hannu? Na ce ta kai masa akwatin ma ya duba ko na iya buga ƙusa. Na faɗi maganganu, har da waɗanda ba sai na maimaita miki ba. Ta dube ni ta ce shi ke nan, ta yarda da ni, ba za ta kai ba. Ta kuma ce akwatin ya yi kyau, ta gode.

Kin gani ko? Tun ranar ba a sake ambaton sunansa a kan abinci ba. Ina buɗe ido rubutuna nake gani. Kada ki rubuto kina tsorata ni, na san abin da nake yi.

Naki,
Kafinta


Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi miki, wasiƙunki biyu duk sun iso, kunya ce ta hana ni amsawa. Kin ce in je in gaya mata gaskiya tun kafin a yi nisa. Na karanta na ninke na ce gobe, goben kuma ba ta zo ba.

Wani mai makaranta da ofishinsu ya zana wa gini shekarun baya ya dawo, yana so a ɗora masa bene. Ba a ɗora bene sai an ga tsohon zane, an san irin harsashin da ke ƙasa da ƙarfen da aka sa. Manaja ya ce a ciro daga kaset. Ƙanwarki ta ɗauki wanda na rubuta wa Tsofaffin Zane ta tafi da shi da safe, har tana waƙa a bakin ƙofa. Da ta tura a na'ura, aikin wata ranar Laraba ta tarar a ciki. Ta hau mota ta dawo gida ta kwashi sauran, aka kira Injiniya, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na gaskiyar shi ne wanda na manna wa Laraba, wanda na buɗe wa makulli da yatsana. Tun daga lokacin duk Laraba ita da kanta take tura shi a na'ura, na'urar tana rubuta sabon aiki a kan tsohon. Injiniya ya yi iya yinsa, ya ce abin da aka rubuta a kansa ya tafi ke nan. Aikin shekaru, Yaya. Wasu akwai su a takarda, da yawa babu. Yanzu sai an je an sake auna makarantar bango bango, har da tono, mai ita kuwa ya yi musu tas a gaban kowa.

Manaja ya tara su a ofishinsa ya tambayi wanda ya canza takardun. Ta ce ita ce. Ta ce ita ta ɓare ta sake rubutawa, ta rikita su. An karɓe makullin ɗakin kwamfuta daga hannunta, an mayar da ita teburin buga takardu na bakin ƙofa, inda ta fara. Ba a kore ta ba, wai don daɗewarta.

Ba ta yi mini ihu ba. Da ma ta yi, da na samu sauƙi. Ta shigo ta ajiye akwatin a kan tebur, babu komai a ciki, ta wuce kicin. Sai da na bi ta na matsa sannan ta ba ni labarin, tana yanka albasa ba ta ko ɗago ba. Abu ɗaya ta ce a kaina, wai ta tambaye ni na ce mata ɗaya bayan ɗaya na yi. Na ce da safe zan je ofishin in faɗi gaskiya a gaban kowa, a yi mini duk abin da za a yi. Ta ce kada in kuskura. Idan na je, ta zama wadda ta bar miji ya yi wasa da kayan amana, ta kuma zama maƙaryaciya a gaban manaja, ranar ko teburin bakin ƙofar ba za ta samu ba. Na auna ta ko'ina, gaskiyarta ce. Ni da ko ƙofa ta rabe biyu nake haɗa ta, wannan an ce ko taɓawa kada in yi.

Yanzu da wuri take dawowa, rana ba ta faɗi ba tana gida, yadda na yi ta nema. Wayarta ba ta ƙara. Ba ta cewa komai game da ofis, idan na tambaya ta ce lafiya lau. Littattafan ajin yammanta ta zuba su a kwali ta tura ƙarƙashin gado.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Na tambaye ta shi Injiniyan me ya ce. Ta ce yana zaune a wurin lokacin da ta ɗauki laifin. Wata da watanni tana rubutu a gabansa, ya san hannunta sarai. Ya ɗauki kaset ɗin ya dubi manyan baƙaƙena na kafinta, ya dube ta, ya ajiye bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki ma cewa ya yi a raba laifin da shi, tunda bai matsa an yi kwafi na biyu ba. Ya san ni ne, ta san ya sani, kuma ya rufa mini asiri don darajarta.

Da can, Yaya, na rantse miki babu komai tsakaninsu sai na'ura, yanzu na tabbata. Amma yau akwai sirrin da su biyu ne suke riƙe da shi a duk ofishin nan, za su haɗu a baranda su gaisa kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani. Ni na ƙulla musu shi da hannuna, kuma ba ni da bakin cewa komai.

Don Allah idan gwiwa ta bari ki zo ko kwana biyu ne. Ba don ki ba ta haƙuri a madadina ba, don ta samu wanda za ta yi wa kuka, tunda a gabana ta ƙi. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki,
Kafinta